Wasan Barkwanci na Dandali a Zamanin Mulkin Mallaka: Aro Ne ko Gado?

Tambaya: Wani ɗalibi mai nazarin wasan kwaikwayo ya rubuto yana cewa, "Malam, na ji cewa a zamanin mulkin mallaka an yi ƙungiyoyin 'yan barkwanci a Afirka ta Yamma masu yawo gari-gari, suna hawa dandali suna kwaikwayon manya don a yi dariya. Daga Turawa aka koyi wannan sana'a, ko dama can muna da ita? Kuma me ya sa ba a jin labarin irinsu a ƙasar Hausa?"

Amsa: Tambayar taka gida biyu ce, kuma idan aka warware ta farko da kyau, ta biyun ba za ta yi wuya ba. Abin da aka aro daga Turawa shi ne tsarin sana'ar, wato a keɓe wuri, a ɗaga dandali, a rataya labule, a sa lokacin farawa, a tsayar da mai karɓar kuɗi a bakin ƙofa. An kuma aro wasu tufafi da kiɗe-kiɗe. Amma kwaikwayon babban mutum don a yi masa dariya ba wanda ya koya wa mutanen wannan yanki, domin kowace al'umma tana da nata tun kafin zuwan Bature. A ganina, abin da ya bambanta inda wasan dandali ya bunƙasa da inda ya tsaya a harabar makaranta shi ne daga aljihun wa kuɗinsa yake fitowa.

A Ingila ta ƙarni na 19 akwai wani wasan ba'a wanda ake ɗauko shahararren labari mai nauyi, na Shakespeare ko na opera ko na tatsuniyoyin Girkawa, a juya shi ya koma abin dariya. Sarki sai ya riƙa magana irin ta 'yan tasha, a ɗora sababbin baitoci a kan karin waƙoƙin da kowa ya sani, mace ta fito a matsayin jarumi, namiji kuma ya fito a matsayin tsohuwa. Ya ci kasuwa a Landan daga shekarun 1830 zuwa wajen 1890. A 1868 wata 'yar wasa mai suna Lydia Thompson ta kai ƙungiyarta New York, kuma a can Amurka ne daga baya wasan ya rikiɗe ya koma nuna tsiraici, wanda ba shi ne ya iso wannan yanki ba. Ban da shi akwai gidajen waƙa da barkwanci na ma'aikatan birane, inda ake jera gajerun abubuwa ɗaya bayan ɗaya: waƙa, rawa, raha, dabo. Na uku, wanda ya fi su tasiri a Afirka, shi ne wasan 'yan shafa baƙi na Amurka, inda Turawa ke shafa baƙi a fuska, su zagaye leɓe da fari, suna kwaikwayon baƙaƙen bayi a matsayin dolaye marasa tunani. Thomas Rice ya yi suna da shi wajen 1830 yana fitowa a matsayin wani bawa mai suna Jim Crow, a 1843 kuma aka kafa cikakkiyar ƙungiyar irin wannan wasa ta farko a New York. Daga nan ya bazu zuwa Ingila da ƙasashen da take mulka, har da Cape Town, inda bikin da ake yi ranar 2 ga Janairu yake ɗauke da alamunsa har yau.

Waɗannan abubuwa sun shigo garuruwan gaɓar teku ta hanyoyi da yawa: matuƙan jirgin ruwa, fayafayan garmaho, takardun waƙa, finafinan Charlie Chaplin da Al Jolson, kulob-kulob na 'yan boko, da kuma bukukuwan makarantun mishan. A Legas da Cape Coast tun ƙarshen ƙarni na 19 lauyoyi da akawuna da 'yan kasuwa suna shirya daren waƙa da wasa da Turanci, a sa kwat da riga mai tsawo a zauna kamar ana Landan. Daga cikinsu ma aka fara yi musu dariya. A 1915 wani ɗan Cape Coast, Kobina Sekyi, wanda daga baya ya zama lauya, ya rubuta wasan The Blinkards, wanda a cikinsa wata mata da ta taɓa leƙa Ingila take tilasta wa gidanta komai sai irin na Turawa. Wasa ne mai kaifi, amma na 'yan boko ne, don 'yan boko.

Misalin da ya fi kowane cika shi ne na Gwalkwas, wato Ghana kafin samun 'yancinta a 1957, inda aka haifi wasan da mutanen can ke kira konsat. Masu bincike sukan fara tarihinsa da wani shugaban makarantar firamare a Sekondi da aka fi sani da Ticha Yalley, wanda wajen 1918 ya fara fitowa a bikin Ranar Daular Ingila. Ranar 24 ga Mayu ce, ranar haihuwar Sarauniya Biktoriya, da ake fito da 'yan makaranta su yi fareti su rera waƙoƙin biyayya ga Sarkin Ingila. Yalley yakan shafa fuska, ya sa gashin aro da gashin baki na ƙarya, ya yi waƙa da rawa da raha, mai ganga da mai hamoniya suna bin sa da kiɗan ragtaim. Da Turanci yake wasansa, tikitinsa kuma da tsada, saboda haka masu kallonsa manyan gari ne. A tsakiyar shekarun 1920 wani attajiri mai gidajen silima a Akra, Alfred Ocansey, ya kawo wasu baƙaƙen 'yan wasa daga Amurka da ake kira Glass da Grant, suka daɗe suna wasa a birnin, kuma samari da yawa suka kwaikwayi rawarsu ta buga takalmi da yadda suke jefa wa juna magana.

Wanda ya fitar da wasan daga hannun manya shi ne Ishmael Johnson, wanda duniya ta sani da Bob Johnson. Yaro ne ɗan makaranta a Sekondi, ya kalli Yalley, ya kuma koyi waƙoƙi a wurin matuƙan jirgin ruwa 'yan Laberiya. A 1930 shi da abokansa biyu suka kafa ƙungiyar Two Bobs and their Carolina Girl, a 1935 kuma ya haɗu da E. K. Dadson da Charlie Turpin suka zama Axim Trio, ƙungiyar da duk waɗanda suka biyo baya suka ɗauki samfuri a wurinta. Abin da Johnson ya yi bai wuce biyu ba, amma su suka canza komai. Ya sauko da kuɗin shiga har lebura yana iya biya, sannan ya bar zauren 'yan boko ya shiga hanya, yana bin garuruwan haƙar zinariya da ƙauyukan manoman koko.

A nan ne batun kuɗi yake shigowa. Layin dogo daga Sekondi ya kai Tarkwa a 1901, ya kai Kumasi a 1903. Zuwa 1911 Gwalkwas ta zama ƙasar da ta fi kowace fitar da koko a duniya, a 1928 kuma aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Takoradi. Wannan ya tara dubban mutane masu tsabar kuɗi a hannu, nesa da garuruwansu, masu harsuna daban-daban, waɗanda da dare ba su da dandalin ƙauyensu da za su je. 'Yan konsat sun san ranar da ake biyan albashi a kowace mahaƙa, sun san lokacin kakar koko, kuma da wannan lissafi suke tsara tafiyarsu. Idan sun sauka a gari sai su tura mai ƙararrawa sanye da fuskar aro, yana ɗauke da allon talla yana zagayawa, da dare kuma a yi wasa a rumbun koko ko ajin makaranta ko tsakar wani babban gida da za a iya tsare ƙofarsa. Mai wasan da abincinsa ya dogara ga kuɗin ƙofa ba ya iya gundurar da jama'a, domin idan yau ba a yi dariya ba, gobe ba mai zuwa. Wannan matsi ne ya sa harshen wasan ya sauya, Turanci ya riƙa ja da baya, harshen Fante na mutanen Akan da Turancin buroka suna shigowa, har a 1952 E. K. Nyame ya kafa Akan Trio, ya haɗa wasan da makaɗan jita na hailaif, ya mayar da shi kacokan cikin harshen Akan.

Tsarin dare ɗaya sananne ne. Ana buɗewa da waƙar taro da rawa, sai ɗan barkwanci ya fito shi kaɗai, sai biyu su fito suna musayar raha, sannan a shiga wasan kansa, wanda ba a rubuce yake ba, ƙashin labarin kawai ake shiryawa, sauran kowa ya cike da bakinsa gwargwadon yadda ya ga jama'a. Mutum uku ne ginshiƙin labarin. Akwai maigida ɗan boko mai kwat da sanda da dogon Turanci. Akwai uwargida ko budurwar birni, wadda namiji ne yake fitowa a matsayinta da riga da jan baki da siririyar murya, domin mata ba su fara hawa wannan dandali sosai ba sai a shekarun 1960. Sai kuma Bob, boyin gida, mai yagaggun kaya da shafaffiyar fuska, kullum da yunwa, kullum da dabara, wanda yake kai gulma tsakanin maigida da matarsa, ya ci ta nan ya ci ta can, ya juyo ya gaya wa 'yan kallo gaskiyar abin da ke faruwa. Duk wanda ya tashi da tatsuniyar Gizo zai gane shi nan take, kuma mutanen Akan sun gane shi, domin nasu Gizon, Ananse, halinsa ke nan. A takarda maigida ne babba, amma a dandali boyi ne mai gari, shi ake jira, shi ake tafa wa. Masu kallo da yawa su ma boyi-boyi ne da kuku da lebura da 'yan aike, saboda haka ba sai an yi musu bayanin abin da ake nufi ba idan yaron gida ya fi ubangidansa hankali.

Za ka iya tambaya, yaya baƙin mutum zai shafa baƙi ya yi wasan da aka ƙirƙira don wulaƙanta baƙar fata? Masana sun yi ta muhawara a kai. Wasu sun ɗauke shi alamar ƙasƙantar da kai, wasu kuma sun mai da shi wata boyayyiyar gwagwarmaya da Turawa. Ni ban gamsu da ko ɗaya ba. Catherine Cole, wadda ta zanta da tsofaffin 'yan konsat kafin ta fitar da littafinta a kan tarihin wasan a 2001, ta nuna cewa ma'anar da shafa baƙi take da ita a Amurka ba ta ƙetaro teku tare da fentin ba. A wurinsu kwalliyar ɗan barkwanci ce, alama ce cewa wannan shi ne mai ba da dariya, kuma tana tafe da ƙyallin zamani irin na silima da na baƙaƙen Amurka, waɗanda a lokacin ake yi wa kallon 'yan'uwa da suka ci gaba. Wannan bai wanke asalin abin ba, amma ya nuna cewa kayan aro yakan canza aiki idan ya canza hannu. A dandalin Amurka mai shafaffiyar fuska shi ne wawan da ake yi wa dariya, a dandalin Gwalkwas kuwa shi ne mai sa a yi wa wasu dariya, kuma wanda ya fi shan ba'ar shi ne baƙin da ya ɗauki kansa Bature.

Haka nan kada ka ɗauka 'yan konsat 'yan adawa ne tun farko. Axim Trio sun yi wasa a kan naɗin Sarki Joji na Shida, wanda aka yi a 1937, kuma su ɗin dai, bayan tarzomar Akra ta 1948 da ɗaure Kwame Nkrumah a 1950, suka koma yin wasannin yabonsa. Inda zuciyar masu sayen tikiti ta karkata, nan suke bi. Yaƙin duniya na biyu ma ya ba su sabon jini, domin sojojin Gwalkwas da aka kai Indiya da Bama sun yi ƙungiyar wasa don nishaɗantar da 'yan'uwansu, kuma da suka dawo gida wasunsu, irin su Bob Vans, suka mai da abin sana'a.

A Nijeriya ta Kudu Hubert Ogunde ne ya taka irin wannan rawa, ko da yake shi ta ƙofar coci ya shigo. Ɗan sanda ne, ya shirya wa wata cocin Aladura wasan waƙa a Legas a 1944, abin ya karɓu, ya ajiye kaki ya kafa ƙungiyarsa, ya kuma sa mata na gaske a dandali tun daga farko. Shi ya fi 'yan Gwalkwas tsokanar hukuma kai tsaye. Ya yi wasa a kan yajin aikin gama-gari na 1945, ya kuma yi Bread and Bullet a kan harbin da 'yan sanda suka yi wa mahaƙan kwal a Inugu ranar 18 ga Nuwamba 1949, inda aka kashe mutum 21. Da ya kai wannan wasa Kano a farkon shekarun 1950 hukuma ta hana nuna shi. Ka ga ke nan wasan dandali mai tikiti ya iso ƙasar Hausa, amma a matsayin baƙo, kuma masu kallonsa galibi mazauna Sabon Gari ne.

Wannan ya kawo mu gida na biyu na tambayarka. Ƙasar Hausa ba ta rasa masu ba'a ba, hasali ma abin da 'yan kama suke yi shi ne ainihin abin da wasan ba'a na Landan yake yi, wato a ɗauko abu mai nauyi a zuba masa abu maras nauyi. Ɗan kama yakan yi shigar malami, ya ɗauki muryar mai wa'azi ko karin wani shahararren mawaƙi, ya bi shi tiryan-tiryan ba kuskure, amma duk maganar ta tuwo ce da miya da nama. Wani Bature mai nazarin Hausa, C. G. B. Gidley, ya yi rubutu a kan 'yankamanci a 1967. Akwai wawan sarki, wanda aka yarje wa ya faɗi abin da wani bai isa ya faɗa ba. Akwai wasan gauta, inda matan fada suke kwaikwayon sarki da hakimansa. Akwai tashe a watan azumi, yaro ya manna gemun auduga ya zama tsoho ko malami. Akwai kalankuwa bayan kaka, inda samari ke naɗa wa junansu sarautu su kafa hukumar wasa da alƙalinta da 'yan dokarta, a Damagaram kuma akwai wasan kara, wanda ake ƙera kayan masu mulki da kara a kwaikwayi tsarinsu. Duk waɗannan sun ci gaba a zamanin Turawa, kuma ba ɗaya daga cikinsu da yake buƙatar ƙofa da tikiti. Ɗan kama a kasuwa da gidan biki da ƙofar attajiri yake samun abincinsa, ta hanyar kyauta, saboda haka ba abin da zai tura shi ya yi hayar zaure.

Akwai wani abu daga Nijar da ake yawan cusawa cikin wannan babi, kuma ya kamata ka yi hattara da shi. Wajen 1925 a yankin Filinge aka sami masu bori da ake kira Hauka ko Babule, waɗanda iskokinsu sojoji ne da hafsoshin Faransa, suna fareti suna ba da oda da bindigogin itace. Hukumar Faransa ta kama su ta ɗaure, 'yan ci-rani kuma suka kai abin Gwalkwas, inda wani Bafaranshe mai shirya fim, Jean Rouch, ya ɗauke su a fim kusa da Akra a 1954. Mai kallo daga waje yakan ga kamar ba'a ce ake yi wa Turawa, amma a wurin masu yi ibada ce da neman magani, ba nishaɗi ba, don haka ba a sahun konsat suke ba.

Shi kuwa dandali irin na Turawa, ta makaranta ya shigo ƙasar Hausa, kuma a hannun hukuma. A shekarun 1930 Rupert East, shugaban Hukumar Talifi ta Zariya, ya fitar da littafin gajerun wasanni shida da Hausa don 'yan makaranta. Wasannin da suka biyo baya, irin na Abubakar Tunau a shekarun 1940, jigonsu tsafta ne da amfanin ilmi da gyaran hali. Akwai raha a ciki, amma raha ce mai yi wa darasi hidima, kuma masu kallo ɗalibai ne da malamai da manyan baƙi a ranar bikin makaranta, ba wanda ya biya ko kwabo. Malam Aminu Kano, tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna da kuma lokacin da yake koyarwa a Bauchi, ya gane cewa ana iya sukar zaluncin En'e da wasa, ya kuma rubuta wasanni da wannan niyya, amma da siyasar jam'iyyu ta kankama a shekarun 1950 waƙa ce ta ɗauki wannan nauyi, domin ita ba ta buƙatar zaure ko izinin taro kafin ta bazu.

Ba za a ce rashin kuɗi ne ya hana ba, tunda jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kuma cinikin gyaɗa ya zuba tsabar kuɗi a hannun manoma. Dalilan sun fi kusa da tsarin mulki da na zamantakewa. An taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi, saboda haka al'adar daren waƙa ta coci da makarantarta, wadda ta reni Yalley da Ogunde, ba ta kafu ba. Taron dare na maza da mata a rufaffen wuri da kuɗin shiga kuwa harkar bariki ake ɗaukarsa. Ko silima ma a Kano a wajen ganuwa aka fara gina ta, Rex a 1937, kuma da aka buɗe Palace a cikin birni a 1951 sai da aka yi ta ƙorafi. Ga shi kuma ɗan makarantar da ya iya wasa aikin En'e ko na gwamnati yake jira, iyayensa ba za su yarda ya shiga sahun maroƙa ba, shi kuwa ɗan kama da ya gaji sana'ar bai taɓa shiga ajin da ake koyar da wasan dandali ba. A Gwalkwas mutum ɗaya ne, Bob Johnson, ya haɗa makaranta da titi, a ƙasar Hausa kuwa hanyoyin biyu ba su haɗu ba har Turawa suka tafi.

Rediyo ce ta haɗa su. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi da aka buga a 1959 da 1960 a rediyon Kaduna aka fara jin su, kuma rediyo ta kawar da matsalolin nan gaba ɗaya, tunda ba ƙofa, ba taron dare, mace tana cikin ɗakinta tana saurare. Da talabijin ta zo, a shekarun 1970 Usman Baba Pategi, wanda tsohon soja ne, ya fito da Samanja, yana ba da dariya da Hausar bariki da halayen sojan da mulkin mallaka ya bari, a Damagaram kuma Yazi Dogo da abokansa suka yi suna da wasanninsu na barkwanci a kafafen gwamnatin Nijar. Idan kana neman takwarorin Axim Trio a cikin Hausawa, a waɗannan gidajen rediyo da talabijin za ka same su, kimanin shekara 40 bayan na Gwalkwas, kuma gwamnati ce take biyan su, ba 'yan kallo ba.